Agogon Kowane Masallaci

Shekarar da na gama jami'a, a ɗakin bene na gidanmu da ke Dukawuya nake wuni. Baba ya ba ni zuwa ƙaramar Sallah: ko in nuna masa zaman da nake gaban kwamfuta aiki ne, ko in karɓi koyarwa a makarantar amininsa.

A kernel nake aiki, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ɓangaren da ke rubuta duk abin da ya faru da lokacin faruwarsa. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, labari nake gani a layukan nan. Wani aiki ya kwanta yana jira, wani ya zo ya tashe shi. Nakan yi tagumi ina tunanin yadda mai jiran yake ji.

Sai dai labarin a birkice yake fitowa, ana tashin mai barci tun bai kwanta ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kashi-kashi ce, kowane kashi da agogonsa, kuma ba sa tafiya daidai. Akwai babban agogo na kowa, amma leƙa shi a kowane motsi yana sa na'ura nauyi, shi ya sa da na aika gyaran da ke yin haka, masu duba gyaran kernel suka dawo mini da shi.

Wata yamma cikin azumi muna tsakar gida, kiran Magariba ya taso daga wajen Ƙofar Na'isa, ya ratso Gwale masallaci bayan masallaci, kamar ana miƙa wa juna fitila. Namu shiru. Baba yana riƙe da dabino.

"Baba, me ya hana ku bin agogo ɗaya?"

"Wa zai tsaya kan rediyo kowace sallah, Uwata? Ran Juma'a ake saitawa da shi, sauran kwanakin agogon masallacinmu ya wadatar. Ke dai kunu kike hange."

Washegari na sa kowane kashi ya leƙa babban agogon sau ɗaya a farkon kowane shafin rubutunsa, daga nan ya riƙa rubuta tazara kawai da nasa. Layukan suka jeru, na'ura ba ta yi nauyi ba.

Ana jajibirin Sallah aka karɓi gyaran. Na kai wa Baba kwamfutar zaure na ba shi labarin mai barcin, ya daɗe yana kallon allon ta saman tabarau.

"To, yanzu mai barcin naki yana kwanciya kafin a tashe shi?"

Na ce yana kwanciya. Ya ce zai gaya wa amininsa ya nemi wata malamar. Na koma bene na zauna ina kallon ayyukan a layukan, kowa yana jira, kowa ana zuwa masa a kan kari.