Rabon Eking a Gangar Nong Dulo

Teodulo Magbanua mai aski ne a wani ƙauyen manoman rake a tsibirin Negros, kowa Nong Dulo yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma Allah ya raba ka da riƙonsa. In ka taka shi yau, zai yi maka murmushi, ya gyara maka saje, ya adana abin a ransa har ku yi furfura tare.

Son tsohuwar giyar rake gado ya yi. Mahaifinsa, Lolo Bastian, yana da 'yar gangar katako a ƙarƙashin gado, wadda ya cika tun Dulo yana rarrafe. Ba ya sha. Sai dai ya zare toshiyar, ya shinshina, ya lumshe ido, ya mayar. Shi ya koya wa Dulo cewa irin wannan ba a kwankwaɗa: hanci tukuna, sannan a jiƙa harshe, a jira ƙamshin zuma da na katako su taso. Yakan ce, "Ranar da na mutu ka buɗe. Kai za ka fara."

Ranar ta zo. Dulo yana coci yana fama da shirin jana'iza, gida ya cika da masu gaisuwa, rana kuma ta take. Sai Eking, direban motar rake, amininsa kuma uban baftismar 'yarsa, wanda suke kiran juna "pare" saboda wannan zumunci, ya ga baƙi suna gumi. Shi da ma bai iya zama haka kawai ba. Ya jawo gangar, ya juye ta kaf a bokiti, ya antaya ƙanƙara da garin lemo, ya juya da ludayi. Ko da Dulo ya dawo, ɗan guntun ruwa-ruwa ne ya rage a gindin bokitin.

"Pare, zo ka sha!" in ji Eking, yana washe baki. "Abin tsohon nan ɗaci gare shi kamar maganin tari, amma na gyara shi."

Dulo ya daɗe yana kallon bokitin. Abin ya fi masa ciwo a kan mutuwar kanta, don ita mutuwa da ma ana jiranta. Sai ya ce, "Ka kyauta, pare."

Makoki na watsewa ya cika gangar da sabuwar giya, ya tura ta ƙarƙashin nasa gadon. Ga inda mugun nufinsa ya burge ni. Ya lura cewa hana Eking abin da bai san darajarsa ba, ba hani ba ne. Don haka ya ɗauke shi ɗalibi. Duk Asabar, bayan aski, ya zaunar da shi da 'yar tsohuwar giyar da ya samo a birni.

"Kai jakin rake, wa ya ce ka haɗiye? Shinshina!"

"Ni fa hancina man dizal kawai ya sani."

"Zai koya. Rufe baki."

Ya kuwa koya. Shekaru suka ja, Eking ya daina taɓa ƙanƙara, ya soma bambance mai ƙamshin hayaƙi da mai ƙamshin ayaba. Wani lokaci Dulo yakan zare masa toshiyar gangar, ya bar shi ya shaƙa har yawunsa ya tsinke, sannan ya toshe. Wata rana Eking ya ɗago daga bakin gangar jikinsa a sanyaye.

"Pare, ashe ɓarna na yi ranar nan?"

"Wace rana?" in ji Dulo. "Na manta."

A bikin auren 'yarsa Nenita Dulo ya buɗe gangar. Da la'asar, bayan an ci gasasshiyar kaza, dattawa suka kewaye a gindin mangwaro don tagay: tambulan ɗaya, mai zubawa ɗaya, kowa ya sha ya miƙo, ba a tsallake mutum. Dulo ne mai zubawa. Ya zaunar da Eking a damansa, yana sanye da sabuwar riga, cike da ɗoki. Zubin farko na waɗanda suka riga mu ne, Dulo ya tsiyaya shi a ƙasa kamar yadda aka saba. Ya fara rabo daga hagu. Tambulan ya zagaya, ya zagaya, har ya iso kan Eking.

Dulo ya cika shi fal, fiye da na kowa. Eking ya miƙo hannu biyu. Dulo ya kalle shi ido cikin ido, ya karkata tambulan, ya tsiyaye shi a ƙasa sannu a hankali, tsakanin ƙafafun Eking.

Wani tsoho ya ce, "Nong, ai ka riga ka zuba wa matattu."

"Wancan na babana ne," in ji Dulo. "Wannan na wanda ya mutu rana ɗaya da shi."

Ƙamshin yana tasowa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma duk cikin baƙin Eking kaɗai ya san abin da aka zubar. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya je ya sa wa amarya albarka, ya fita. Bai sake zama a kujerar askin Dulo ba.

Dulo ya zuba nasa. Ya shinshina, ya kurɓa. Wallahi ta yi daɗi, ta wuce duk yadda ya zata, zuma da katako da ɗan hayaƙi can ƙarshe. Zuciyarsa ta yi fari tas. Ya juya dama da sauri, "Pare, ka ji wannan..." Sai ya ga kujera babu kowa.

Ya sake cikawa ya miƙa hagu. Mutumin ya kafa kai ya shanye lokaci guda, ya yamutsa fuska, ya goge baki da bayan hannu.

"Kai, akwai zafi!" ya ce. "Nong, ba ruwa a kusa?"