Malam Gambo da Diddigen da Ya Je Sakkwato

Shekara talatin da biyu Malam Gambo Nagode yana buɗe ɗakin shan magani a Bakura tun da sanyin safiya. Ya share, ya jera kwalabe, ya jawo ɗan bencinsa. Ko ciwon kai ya kawo ka, bayan doguwar gaisuwa sai ya ce, "Tuɓe takalmi." Mutane suka yi ta yi masa dariya, har suka laƙaba masa Sarkin Tafi. Shi ko a jikinsa. Wani likita ne ya taɓa nuna masa cewa akwai ciwon daji na fata da ke farawa da ɗan baƙin tabo a tafin ƙafa, inda ba mai dubawa.

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara shiga gonaki, wani dattijo manomin shinkafa, Manu, ya zo neman maganin tari.

"Malam, tari nika yi. Mi yah haɗa tari da ƙahwa?"

Da ƙyar Manu ya miƙa ƙafar, yana kawar da kai. Ga tabo nan a diddige, baƙi ƙirin, bakinsa a karkace. Manu ya ce ai ƙaya ce ta bara. Gambo ya ɗora shi a babur sai Talata Mafara, likita ya yanke wurin.

Nan rigima ta tashi. Likita ya ce a kai tsokar babban asibiti a Sakkwato, a ɗiga mata sinadarai. Alamomin da ke cikinta ne za su faɗi ko ciwon na zaune ne ko mai yawo a jiki. Manu kuwa ko farcensa ya yanke sai ya binne.

"Ku ba ni abuna in rufe! Ran tashin ƙiyama in tashi Bakura, diddigena Sakkwato? Da ɗingishi za ni wurin hisabi?"

Gambo ya san in aka binne tsokar nan, an binne amsar da ran Manu ya rataya a kanta. Bai yi dariya ba, sai dai kafaɗunsa da suka ɗan girgiza.

"Baba, aro nika so. Ni ka kai ta, ni ka maido ta."

Kai ne, Malam Gambo, ka rungume kwalbar da tsokar ke ciki a bayan motar yashi ta ma'aikatan dam, ka hana kowa zama kusa da kai. Kai ne ka dawo da takarda cewa mai yawo ne, amma bai kai ga tashi ba, a ƙara yanka yanzu-yanzu. Kuma ka tsaya a kan ma'aikatan can har suka ba ka ragowar, a daskare cikin kakin kyandir. Manu ya jujjuya ta ya ce ta rame, sannan ya binne ta a gindin darbejiyarsa.

Ranar da Gambo ya ajiye aiki, ana cikin jawabai, Manu ya taso, tsoho tukuf, a kan ƙafafunsa biyu. Ya tuɓe takalmi gaban hakimi da malamai, ya ɗaga diddigen sama.

"Wanga ya riga ni zuwa Sakkwato," in ji shi. Aka bushe da dariya, shi kuwa hawaye ke zubo masa.

Mun gode, Sarkin Tafi, Allah ya saka maka da alheri. Ma'aikatan lafiya, ku koyi sunkuyawa irin tasa. Mu kuma, yau in mun zo wanke ƙafa a alwala, mu juya ta mu duba, don Malam Gambo ya tafi hutu.