Bappa Bobboyi da Siginar da ta Juye

Kafin a buɗe shagunan Demsawo, Bappa Bobboyi ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin dalbejiya, ya jera filaya da ɗan ƙwan fitilar da yake gwada waya da shi. Tun kafin 'yancin kai yake gyaran wayar babura a Jimeta, kuma babu mai cewa ya taɓa ganinsa zaune. Ko shayi a tsaye yake kurɓa.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Ephraim malamin gona ya kawo babur, makunnin sigina na hannu ya karye. Aka rasa irinsa, sai na wani kamfani mai launin wayoyi daban. Bappa ya haɗa, fitilun gaba suka yi daidai. Manoma na jiran Ephraim a Ngurore, sai ya buga ya tafi, ba a duba na baya ba.

Gogo mai kunu ce ta ankarar da shi. "Bappa, sabuwar doka ce kuma? Mutuminka ya kunna hagu a baya, ya shiga dama."

Hanyar cike take da manyan motoci, direbobi kuwa sabon hannun tuƙi bai zauna musu ba. In Ephraim zai karya hagu, fitilar baya ta nuna dama, na bayansa zai wuce ta hagun ya bi ta kansa.

Bappa ya bar kayansa a baje, ya ɗale bayan wata motar fasinja, yana dukan ƙarfe yana roƙon direba ya taka. Allah ya taimaka, garken shanu ya tare hanya kafin kwanar Ngurore, Ephraim na tsaye yana jira.

"Sauka, ɗana. Aikin banza na yi maka."

"Haba Bappa, ai lafiya lau yake tafiya."

"Lafiya lau zai kai ka kabari."

Bappa ya ɗaga kujerar babur, ya musanya wayoyi biyu. Sai da ya sa Ephraim ya kunna hagu da dama sau uku kafin ya sake shi.

Kai ne, Bappa, ka tsaya gaban mota cike da mutane ka ce laifinka ne, alhali wani da kamfani zai ɗora wa. Kai ne kuma ka ajiye filaya da kanka watan jiya, da idonka ya daina raba kore da shuɗi, duk da magiyar masu babura. Ka ce ba ka haɗa abin da ba ka gani, domin ran mutum ne a kai.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, in kun gano kuskurenku, ku bi shi da gudu kamar Bappa, kada kunya ta zaunar da ku. Wata huɗu bayan waccan rana ta Ngurore matar Ephraim ta haifi Lilian, kuma ubanta ne ya raɗa mata suna.