Kambai da Zanen da Aka Ciro Daga Wuta

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina shirin shiga aiki a asibitinmu na Birmingham, matarka Celestina ta kira ni daga Salford, Yaya Kambai. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Murna, sun kashe mini Baban Bethany," ta ce, ta katse wayar. Daga baya na ji yadda aka yi. Da rana tsaka, a unguwar Ardwick ta Manchester, ka tsayar da motar da kake rabon kaya da ita don ka raba wasu samari biyu masu faɗa a bakin titi. Ɗayansu ya juyo ya luma maka wuƙa a cinya, ta sami babbar jijiya. Kafin motar asibiti ta iso, jini ya ƙare. Shekarunka arba'in da huɗu.

Yaya Kambai, ni ba 'yar'uwarka ba ce, ko garinmu ba ɗaya ba. Ma'aikaciyar jinya ce ni wadda ta haukace a kan littafinka, wato Wadda Ta Ga Dodo, labarin nan da kake bayarwa cikin zane kashi-kashi. Shi ya sa abin da na ji a zaman makoki ya tsaya mini a rai. Tun ba a binne ka ba, wanka Jeremiah, dattijo a ikilisiya, ya miƙe a tsakiyar falo ya ce kai ka jawo wa kanka: shekara da shekaru kana zana jini kana kiran dodo, ga shi ya amsa. Ya ce ranar da kakanku ya karɓi bishara, a ƙofar coci ya tara kayan dodonsa ya cinna musu wuta, kuma haka za a yi da takardunka. A cikin takardun nan akwai kashi na ƙarshe na labarin, wanda ka gama zanawa amma ba a buga ba. Kai kuwa ba ka taɓa yarda da kwamfuta ba, da tawada kake aiki a kan takarda, don haka babu wani kwafi a ko'ina.

Bari in faɗa wa wanda bai karanta ba abin da ake shirin ƙonawa. A ƙauyukanmu na da, dodo namiji ne da ke shiga cikin rigar ganye yana kuka da wata murya, kuma mace ba ta da ikon ganinsa. A littafinka dodo ba wasa ba ne, yana cin mutane. Wata mata mai suna Zigwai ta leƙa ta gan shi, sai dattawa suka kama uwarta suka ƙwaƙule mata idanu a dandali don ta kasa tsare 'yarta. Zigwai ta ɗauki lauje ta shiga daji. Tun daga nan take bin dodanni ɗaya bayan ɗaya, tana farke musu ciki, tana sare kai, jini har gwiwar hannu. Abin da ya hana ni ajiye littafin shi ne, duk dodon da ta fille wa kai, in ta yaye ganyen, fuskar wani nata take gani. Na farko kawunta ne. Na gaba mijinta, bakinsa a buɗe, ƙuda na shiga. Kashi na baya da aka buga ya tsaya ne a inda dodo na ƙarshe ya danne ta, ya ɗora mata laujenta a maƙogwaro, ya yi magana da muryar ɗanta. A nan ka bar mu, mugu!

Tsiya ce ta haɗa mu. Na aika maka saƙo na ce littafinka ya yi, amma ba ka san jini ba, domin jinin jijiya ba ya zuba kamar ruwan buta, tsartuwa yake yi tare da bugun zuciya. Na ɗauka za ka ji haushi. Sai ga ka ranar Asabar a ƙofata a Balsall Heath, ka shigo jirgin ƙasa tun daga Manchester da takardu a hammata. Ka cinye mini tuwon acca tas, kana tambaya ina amsawa. Daga ranar na shiga uku. Ina tsakiyar kasuwa sai waya: "Sister Murna, in an sari mutum a nan, zai iya magana? How long kafin ya faɗi?" Mutanen da ke kusa da ni su yi ta ja da baya.

Ga shi kuma kai ko kazar Kirsimeti ba ka iya yankawa, sai Celestina ta karɓi wuƙar tana yi maka dariya. Na taɓa tambayarka me ya sa mutum irinka yake zana hanji a waje. Ka ce ka ga gawarwaki a gida kana saurayi, ka kuma ji yadda aka mai da su lissafi a rediyo. Ka ce ba ka son mai karatu ya ji daɗin kisa, so kake ya ji ƙyamarsa. Ni kam na ji, ni da nake wanke raunuka kullum.

Ba zan manta kashin da ka sa wa suna Kogin Ƙashi ba. Mai buga littafin ba shi da harafinmu mai lanƙwasa a injinsa, sai ya sa wanda ya ga ya yi kama. Kwalaye suka iso, kowane bango an rubuta Kogin Kashi da manyan baƙaƙe. Da wani ne da kuka zai yi, kai kuwa dariya ka yi har ka zauna a ƙasa. Ka tara mu, masu karatunka na Manchester da Birmingham, Kirista da Musulmi, ka raba mana alƙalami muka yini muna ɗora wa harafi ƙugiya, kana soya mana doya.

Wata mata da ke wurin da aka soke ka ta gaya wa Celestina cewa ba ka yi ihu ba. Ka danne wurin da hannu biyu, ka ce wani ya ciro bel ya ɗaure sama da ciwon. Ka san jijiyar da aka taɓa, ka san ɗan lokacin da ya rage maka, domin a kicin ɗina ka koya. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'iza, Jeremiah ya cika maganarsa. Na zo na tarar an fito da rabin durom ɗin da kake gasa nama a ciki, an ajiye a filin da ke bayan ɗakunanku. Shi da wasu dattawa biyu suna waƙar coci, yana yayyafa mai a kan takardu. Na roƙe shi, na ce ko kashi na ƙarshe kaɗai ya bari. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ke ba 'yar gida ba ce. This is a family matter. Ni na ga gawar ƙanena, ba ke ba." Ya ƙyasta ashana.

Na tsaya ina kallo fuskar Zigwai tana nannaɗewa tana baƙi. Celestina na jingine da ƙofar kicin. Kowa ya san ba ta son littafin nan, ba ta taɓa buɗe shi ba, aikin banzan nan take kiransa. Da Jeremiah ya jefa damin ƙarshe, sai ta tako ba tare da gaggawa ba, ta wuce tsakanin dattawan, ta cusa hannunta cikin wutar har wuyan hannu. Waƙa ta tsaya. Ta damƙo abin da ta iya damƙowa, ta rungume shi a ƙirji yana hayaƙi.

"Ni ma ba na son abin da ke ciki, Yaya," ta ce wa Jeremiah. "Amma hannun mijina ne."

Na ja ta zuwa famfo. Fatar yatsunta ta saluɓe, amma ta ƙi sakin takardun. 'Yan shafuka ne, gefensu ya cinye, kuma babu na ƙarshen a ciki. Ba za mu taɓa sanin ko Zigwai ta kashe ɗanta ko shi ya yanka ta ba. Ina naɗe mata hannu, Celestina ta kafa wa shafin sama ido, ta daɗe.

"Wace ce wannan matar?" ta ce. "Murna, ki fara mini daga farko."

Na fara, Yaya Kambai. Kowace Asabar ina zuwa in wanke ciwon in karanta mata, Bethany na zaune a gefe tana tambayar ma'anar Hausar da ta fi ƙarfinta.

Ubangiji Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka, Ya ba ka hutu a wurin da babu wuƙa. Ya ta'azantar da Celestina, Ya warkar da hannunta, Ya raya Bethany. Ina miƙa gaisuwa ga dangi na nan da na gida, da dukan masu karatun da ka bari da baki buɗe. Jeremiah kuma, Allah Ya sanyaya masa zuciya, domin na san tsoro da baƙin ciki ne suka ba shi ashana. Ni dai har yau ban iya gaishe shi ba, a sa ni a addu'a.

Murna, Balsall Heath, Birmingham