Kwalabe Uku a Kabad Ɗin Gyaɗa

Ko da zan manta da sunan layin da muka zauna a Guangzhou, wanda har muka baro harshena bai iya faɗinsa daidai ba, ba zan taɓa manta wata Juma'a da aka shigo mini da barasa har kwalba uku cikin gida ba, ni da ko burukutu a labari kawai na san shi. Shekaru sun ja, amma abin yana nan a raina kamar jiya aka yi.

A lokacin maigidana yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kasuwar Canaan, ni kuwa ina gida, hawa na huɗu, a wani gini marar na'urar hawa. Ni ba mai yawo ba ce. Daga ƙofata zuwa wurin mai kayan miya, iyakar Chanar da na sani ke nan, kuma da “nihau” da “meyo”, wato sannu da babu, na yi shekara shida ina cefane. Abin da Allah Ya ba ni shi ne girki da surutu da kunne. Da mutanen Kano da na Maraɗi suka ɗanɗana tuwona, sai falonmu ya zama wurin cin abincinsu, ba allo ba talla, baki ne kawai yake gaya wa baki.

Ina kuma soya gyaɗa. To garin nan danshi gare shi, in ka zuba gyaɗa a leda, kwana biyu ta yi laushi kamar an jiƙa ta. Kowa ya san a gida gyaɗa ba ta jin daɗin zama sai a tsohuwar kwalbar wuski mai murfin murɗawa. Wanda ya raba ni da wannan matsala wani ɗan Gana ne, Bahaushen zango, mai aiki a jirgin ruwan dakon kwantena. Jirginsu kan tsaya a tashar Nansha duk bayan 'yan watanni, shi kuwa ko awa shida aka ba shi sai ya hau mota ya zo ya ci tuwo. Musulmi ne, ba ya sha. Ya ce abokan aikinsa suna jefar da kwalabe a shara, bari ya riƙa tsinto mini. In ya kawo sai in dafa su, in kankare takardar, in wanke har sai hancina ya yarda. Ni kuma in ɗaure masa dambun nama da yaji ya koma da su jirgi. Ashe ba shi kaɗai yake ci ba.

Akwai kuma wani dattijo, Alhaji ne daga Maraɗi, shi ne uban mutanenmu a wannan gari. Shi ya fara kawo mini masu ciniki, kuma “ɗiyata” yake ce mini. Amma fa ba ya wasa da addini. Ya taɓa shiga wani wurin cin abinci, ya buɗe firij ya ga gwangwanin giya. Ya sa takalminsa ya fita. Kafin wata ya ƙare ba Bahaushen da yake taka wurin. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci gidana yake fara zuwa, kuma da hannunsa yake buɗe kabad ya zaɓi kwalbar gyaɗarsa.

Ranar ina tsaka da tuƙin tuwo na ji tafiya a matakala, ƙafafu da yawa, masu nauyin takalmi. Na ji kuma kwalabe suna haɗuwa. Nan na tsaya da muciya a hannu. Kwalbar da babu komai a ciki ƙara take yi, ƙyal-ƙyal, kamar yarinya mai sabon awarwaro. Waɗannan kuwa ƙasa-ƙasa suke magana. Na ce a raina, wallahi waɗannan cike suke.

Na buɗe ƙofa, ga ɗan Gana yana zufa, bayansa ga ƙarti uku suna murmushi. Wani gajeren tsoho ɗan Filifin, shi ne kukun jirgi. Wani dogon Bature ɗan Yukiren mai kula da inji, sai da ya sunkuya ya shigo. Sai wani Ba'indiye mai gashin baki, da ganinsa shi ne babbansu.

“Mma Hajiya, ki yi haƙuri,” in ji ɗan Gana. “Na faɗa musu, sun ƙi ji. Sun ce wata tara suna cin dambunki, kuma a wurinsu abin kunya ne a kai wa wanda ya ciyar da kai kwalba fanko. Kowa ya ɗauko wadda ya fi so.”

“Kai ɗan nan, kashe ni za ka yi? Yau fa Juma'a!”

Kafin in rufe baki sun jera su a kan tebur, kowa yana yabon tasa kamar masu kirarin ɗan dambe, ɗan Gana yana fassara mini. Kukun ya ce tasa ta rake ce, baƙa-baƙa, in ya buɗe ta ƙanshin gonar mahaifinsa yake ji, kuma tun zamanin kakanni ita ce abin shan mutanen teku. Baturen ya yi tsaki, ya ce wannan ai ruwan alewa ne na yara. Ya ɗaga tasa, fara tas kamar ruwan famfo, ya ce ita ce gaskiya, ba launi ba yaudara, in sanyi ya shiga ƙashin mutum a tsakiyar teku ita kaɗai take bin sa ta fito da shi. Ba'indiyen bai yi gardama ba. Ya zare tasa daga cikin kwali a hankali, kamar mai ɗaukar jariri. Wuski ne, ya ce ya shekara goma sha biyu a ganga kafin a zuba shi a kwalba, yana ƙanshin hayaƙi, kuma cikin murfi ɗaya kawai yake sha, ranar da jirgi ya tsallake guguwa lafiya. Baturen ya ce wa zai biya kuɗi ya sha ƙonannen itace? Abu guda da duk suka yarda da shi, barasar 'yan Chana ɗin nan mai kama da kananzir, sun ce wanda ya sha ta ya tashi da safe, ya gode wa Allahnsa.

Ni dai ina tsaye, dariya na cina, tsoro na cina. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ce na gode, ku mai da abinku. Amma mutane sun taso tun daga Nansha, fuskokinsu fal farin ciki, na ji kunyar mayar musu. Ina cikin wannan sai kunnena ya sake jiyo abu a matakala, jan takalmi a hankali, da gyaran murya sau biyu a kowane hawa. Alhaji ne.

Wanda ya ruɗe ba ya shawara. Na kwashi kwalaben nan uku na buɗe wurin da ya fi kusa na cusa su. Sai da na rufe na gane inda na sa su. Kabad ɗin gyaɗa.

Alhaji ya yi sallama, ya ga baƙi, ya gaisa da kowa hannu da hannu. Da ya ji daga jirgi suke sai ya ji daɗi, ya ce su ne masu ɗauke mana kaya a ka. Sannan ya miƙe ya nufi kabad kamar kullum.

“Baba, zauna, ni zan kawo maka,” na ce.

“A'a ɗiyata, ke zaɓinki ba shi da kyau, ƙanana kike ba ni.”

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya ciro ta Ba'indiyen, ya ɗaga ta sama wajen hasken taga, ruwan ciki ya yi ja-ja yana ƙyalli.

“Ikon Allah. Ɗiyata, kin fara yin man gyaɗa ne? Wannan kam ya tatu da kyau.”

Ɗan Gana ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, ƙaryar ta zo har bakin leɓena, a shirye, da takalminta. In ce eh Baba, mai ne, amma na wani ne, ajiya aka ba ni. 'Yan kalmomi kaɗan, in tsira da kasuwata da mutuncin maigidana, wanda a lokacin yana hanya bai san wainar da ake toyawa ba. Amma na dubi tsohon nan da ya kira ni ɗiya tun ranar da na sauka garin da ban san kowa ba, sai na ji ba zan iya ba.

“Baba, ba mai ba ne. Barasa ce. Uku ne ma, ga sauran can bayan gyaɗa. Baƙin nan suka kawo mini kyauta yanzun nan, na ji kunyar mayar musu, na ji tahowarka, na ɓoye. Iyakar gaskiyar ke nan.”

Na gama na jira ya nemi takalminsa. Sai ya ajiye kwalbar a tebur, ya ciro sauran biyun ya jera su, ya zauna. Ya dubi ɗan Gana ya ce, “Kai yaro, gaya musu. Mutum ba ya kyauta da abin da ya fi so sai ga wanda ya girmama. Girman mun karɓa da hannu biyu. Amma abin da ke ciki, addininmu ya hana mu sha, ya hana mu ajiye, ya hana mu sayar. Ba zai kwana a gidan nan ba.”

Da aka fassara, Ba'indiyen ya dafa ƙirji yana ta ba da haƙuri, kukun ya kai wa ɗan Gana duka a kafaɗa wai me ya sa bai yi musu bayani sosai ba, shi kuma yana rantsuwa ya yi har sau uku. Baturen kuwa sai ya fashe da dariya, ya rungume kwalbarsa, ya ce tun a mota yake nadamar rabuwa da ita. Har Alhaji sai da ya dara.

Aka mai da kwalaben cikin jaka, aka ajiye jakar a waje bayan ƙofa. Na zubo tuwo da miyar kuka. Ku zo ku ga Bature yana fama da loma, miya har gwiwar hannu, kuku kuwa ya bi ni har bakin kicin yana shinshina daddawa yana tambayar mene ne wannan abu mai wari da daɗi. Na ce a gaya masa, ita ce tawa kwalbar, in na buɗe ta tsakar gidanmu nake ji. Ya gyaɗa kai, ya gane sarai. Da za su tafi na ba kowa gyaɗa kwalba guda. Baturen ya faɗi wata magana yana nuna jakar da ke waje, ɗan Gana ya ƙi fassarawa. Na ce, “Ba sai ka faɗa ba, na ji. Cewa ya yi za ta yi daɗi da tasa.” Alhaji ya ce, “To gaya musu kada wanda ya ce don Hajiya ta sami kwalba yake shanyewa.”

Bayan sun sauka, Alhaji yana buɗe murfin kwalbar gyaɗarsa ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, “Ɗiyata, ina saurayi na yi dako shekara bakwai a tashar jirgin ruwan Kwatano. Ba irin kwalbar da ban ɗauka a kaina ba. Kuma mai man gyaɗa ba ya liƙa wa kwalbarsa takardar Turawa.”

Na ce, “Baba, ashe ka sani?”

“Barasa a kabad, ana fitar da ita a minti guda. Da kin ce mini mai ne, shi ne abin da ba zai fitu ba, kuma da kin ga ƙeyata.”

Maigidana ya shigo ya tarar da ni zaune a kujera ina share hawaye ina dariya, ya yi ta tambaya ko albasa ce.

Abin da na koya a ranar, har yau shi nake gaya wa 'ya'yana. Ana iya mayar wa mutum kyautarsa ba tare da an mayar masa da zumuncinsa ba, in dai an faɗa masa da sakin fuska. Kuma abin da ya kusa rushe mini gida ba barasar da baƙi suka kawo ba ce, ɓoyon da na yi ne da ƙaryar da na kusa yi. In abin kunya ya faɗo maka ba da laifinka ba, ka ajiye shi a fili kowa ya gani, ka faɗi yadda aka yi. Mutanen kirki sun fi saurin yafe gaskiya mai ɗaci fiye da yadda muke zato.