Kwalayen Ɗakin Iya Azumi

A bakin murhun gidanmu na fara jin sunanta. Kowace yamma in kakata ta gama kwashe tuwo, sai ta ware wani ƙaramin kwano mai lanƙwasasshen baki ta ce, "Wannan na Azumi ne." Har na fara zuwa lekol, wato makarantar boko, ina zaton tuwon masu azumi ake nufi.

Azumi 'yar Birnin Lalle ce, aure ya kawo ta Dakoro. Mijinta Rabo yana da shanu kaɗan da gonar hatsi, ita kuma tana dama fura a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Da damina, in nono ya yi yawa, takan yi cuku, ta shimfiɗa shi a kan tsinke har rana ta tsotse ruwansa ya bushe ƙarau. Amma ba ta taɓa ba ɗanta cuku a matsayin abincin gida ba. Takan ce na matafiyi ne, wanda ya san ba zai ga murhun uwarsa da wuri ba.

Furar da ta rage kuwa ba ta kwana. In la'asar ta yi sanyi sai ta zagaya gidajen unguwa da ƙwarya, ta zuba wa wannan ta zuba wa waccan, tana cewa, "Ku sha, in ta kwana ta yi tsami, alhakina ne." Su ma in sun yi tuwo sai kwano ya je gidanta. Babu mai kiran wannan alheri. Abinci ne da ba ya jira, dole a nema masa baki kafin gari ya waye.

Rabo ya rasu. Shekarar da ciyawa ta ƙi fitowa shanun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ta da ɗa guda, Jafaru, wanda ya tafi Maraɗi yaron shago. Duk ranar kasuwa sai ya biyo motar ubangidansa ya zo, riƙe da ɗanyen nama a takarda, ko mangwaro da ya nuna har yana ɗiga.

"Kai, ɗan nan, mi zan yi da wannan duka? Gobe ya yi wari!"

"To Inna, ki ɗora tukunya mana. Ni dai ba ni tashi sai na ci."

Sai ta ɗora. Yana zaune a turmi yana ba ta labarin Maraɗi, tana yi masa faɗan ramar da ya yi, maƙwabta na shigowa da kwanoni. Waɗannan ranaku su ne dukiyar Azumi, ita ma ta san haka.

Allah ya buɗa wa Jafaru, ya kafa butik ɗinsa, shago na kansa. Kwalin farko da hannunsa ya kawo, yana ta murmushi. Ya zazzage shi a tabarma: biskit, makaroni, sardin, madarar gari, tumatirin gwangwani.

"Inna, kin huta. Wannan ko wata shida ya yi babu abin da ke samunsa."

Ta ɗauki biskit ɗaya ta ɓalla, ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta gane shi nan take. An ƙafe ruwansa, an cika shi da sukari da gishiri da mai, an rufe shi a leda yadda iska ba ta shiga. Cuku ne na masu inji.

"Guzuri ka kawo mini," in ji ta. "Ina zan tahi?"

Ya yi dariya har da dafa ƙasa. Ita ba ta yi ba.

Kwali na biyu wani direba mai suna Amani ya kawo, da gaisuwa. Na uku ma haka. Jafaru bai daina kula da uwarsa ba, kada a yi masa ƙarya. Duk ƙarshen wata kaya na isowa. Sai dai nama ne ke tilasta mutum ya hau mota da sassafe ya kai shi da kansa. Gwangwani ba ya tilasta kowa. Zuwan ranar kasuwa ya koma na Sallah, na Sallar ma ya koma kiran waya.

Gwiwoyinta suka kama, ta bar gindin bedi. 'Yan tasha ma dama sun koma shan madarar leda mai sanyi daga firigo. Maƙwabta suna ganin Amani yana sauke kaya, sai suka ce Azumi ta fi kowa daɗi a unguwar, kwanonin da ke zuwa gidanta suka yi ta raguwa har ya zama saura na kakata. Ta gwada rabar da kayan yadda ta saba da fura. A karɓa a yi godiya, a jefa ƙarƙashin gado don wata rana. Ba mai zama ya ci tare da ita, don babu gaggawa. Haƙoranta kuma ba su iya biskit, sardin yana tayar mata da zuciya. Kwalaye suka hau kan juna har suka rufe tagar ɗakin.

Wata rana ta yi wa ɗanta ƙarya a waya, ita da ba a san ta da ƙarya ba. Ta ce kayan sun lalace, ya zo ya gani.

"Haba Inna! A duba kwanan watan da ke jiki. Sai baɗi war haka."

Da ta ajiye wayar sai ta yage ledoji huɗu, ta zuba biskit a ƙwarya, ta yayyafa masa ruwan randa, ta kife da faifai a lungu mai duhu. Duk wadda ta yi cuku ta san ruwa ne ƙofar ruɓa. Kafin mako ya zagayo funfuna ta fito kore shar. Ta sa aka ɗauki hotonsa aka aika wa Jafaru, ta share tsakar gida, ta jiƙa gero don fura, ta zauna tana sauraron ƙarar motocin Maraɗi.

Amani ne ya shigo. Yana ɗauke da babbar robar ajiya mai marfi da sabon kwali. Ya ce Alhaji Jafaru ya ce ɗakin ne ke da danshi, a riƙa zuba kayan a nan.

Ta dubi robar ta daɗe. Sannan ta ce, "Ka ce na gode. Zauna ka sha hura."

"Wallahi Iya, fasinja na jirana."

Furar ta kwana. Karo na farko ke nan a rayuwarta.

Ta rasu a ƙarshen daminar bara. Jafaru ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya yi kuka na gaske, ya yanka sa. Ranar sadaka aka fito da kwalayen aka raba wa yara, ko ɗaya bai lalace ba. A cikin robar nan aka sami ƙunshin kilishi mai kyau, ba a ko kwance zaren ba. Ni kaɗai na san daga inda ya fito. Amsar saƙon da na kai masa ce, lokacin da na je Maraɗi rubuta jarrabawa. Ya saurare ni da kyau, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, Inna nama take marmari.

Ranar da zan tafi ɗin, da na kai wa Azumi kwanon kakata, ta riƙe mini gefen zane ta ce:

"Ɗiyata, ki je butik ɗinsa. Ki ce ina son hanta ɗanya, ta yankan safe. Kada ya sa ta a firigo, kada ya ba Amani. Ki ce masa in ta kwana ba ta ciyuwa."