Abin da Injin Niƙa Ya Ɗauke wa Yaya

A ƙauyenmu, can cikin Rawayau ta ƙasar Kurfi, injin niƙa ɗaya ne tak lokacin da nake budurwa. Mai shi wani gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda ya yi zaman kudu ya dawo da inji da ɗaga kai. Akwai wani dogon bel da ke juya maniƙar, kuma da farko da murfin ƙarfe a kansa. Bel ɗin yana yawan zamewa, sai mai injin ya gaji da kwancewa da ɗaurawa, ya cire murfin ya jingine shi a bango. Innarmu ta taɓa yi masa magana. Ya ce mata duk mai ido yana ganin bel.

Yayata mace ce mai yawan gashi, a kanta na koyi kitso. Ranar da abin ya faru na yi mata manyan kalaba da hantsi, jelarsu har gadon baya. Inna ta ce ba garin tuwo, Yaya ta ɗaura kallabi ta ɗauki kwaryar dawa ta fita. Ina tsakar gida ina wanke matsefi na ji injin ya yi wani irin tari ya mutu, sannan ihun mata ya tashi.

Ashe Yaya ce ta sunkuya ta tattara gari, bel ya kama bakin kallabin, ya haɗa da kitson. Da na isa na same ta zaune a ƙasa, gari da jini sun haɗu a rigarta. Fatar kanta ta ɗaye tun daga saman goshi har tsakiyar kai. Ba ta kuka. Kallona kawai take yi.

A babur aka kai ta asibiti a Dutsin-Ma, Baba ya rungume ta a tsakiya. Daga can aka wuce da ita Katsina. Ni na yi jinyarta. Likitoci sun yanki fata a cinyarta sun rufe inda ya buɗe, ta daɗe a kwance. Wata safiya likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce wa Yaya ta ɗaga gira. Yaya ta yi ta ƙoƙari har wuyanta ya yi jijiya, goshin bai motsa ba.

Na bi likitar waje na ce, "Likita, me ya sa?"

Ta kama hannuna ta ɗora a tsakiyar kaina, ta ce in ɗaga gira. Na ɗaga. Sai na ji fatar kaina ta motsa a ƙarƙashin tafina. Ta ce akwai tsoka siririya shimfiɗe a goshi, akwai wata a ƙeya, kuma wata farar shimfiɗa mai tauri ta haɗa su ta bisa kai. Ita da fata manne suke, tare suke zamewa a kan ƙoƙon kai kamar hula. Shi ya sa idan aka fizgi gashi da ƙarfi, duka suke tasowa. Tsokar goshin ce ke ɗaga gira, ita ke sa goshi ya yi layi idan mutum ya yi mamaki ko ya tsorata. Ta Yaya ta yage, jijiyar da ke motsa ta ma ta tsinke.

"Za ta dawo?"

"Rauni zai warke," in ji ta. "Goshin dai haka zai zauna."

Da muka koma gida, mai injin bai taka ƙofarmu ba. Ko sannu bai aiko da ita ba. Abin da ya zo mana shi ne maganar da ya yi a majalisa, wai yarinyar ce ke rawar kai, kuma sai da ya ɓata yini yana tsince gashi daga bel kafin inji ya tashi. Murfin yana nan jingine. Baba ya je wurin mai unguwa, aka zauna, aka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Baba mutum ne mai gudun fitina, ya dawo ya ce mun bar wa Allah.

Na ce, "Baba, ku kun bari. Ni ban bari ba."

Ya ce in rufe masa baki. Na rufe, a gabansa.

Saurayin da ke neman Yaya ya zo sau ɗaya, ya zauna a zaure yana kallon ƙasa, bai sake dawowa ba. Ranar na so in kona rumfar injin. Har ashana na ɗauka na kai bakin ƙofa, sai na tuna gidan wata tsohuwa yana manne da rumfar, ga dangarta ta kara. Na mayar da ashanar.

Abin da nake da shi kitso ne. A lokacin kusan duk matan unguwarmu a gabana suke zama, har da na ƙauyukan kusa idan biki ya taso. Mace in ta zauna kitso, kanta yana hannunka, ba inda za ta. Sai na fara. In na tsefe kai na shafa mai, sai in kama hannun mace in ɗora mata a tsakiyar kai.

"Ɗaga gira, Gwaggo."

Ta ɗaga tana dariya.

"Kin ji ya motsa?"

"Wallahi ya motsa! Ke, mene ne haka?"

Sai in gaya mata abin da likita ta gaya mani. In sa yatsa a bakin gashinta in ja layi a hankali daga wannan kunne zuwa wancan, in ce daga nan ta Yaya ta tashi. In ɗan ja gashin baya har girarta ta bi hannuna. Dariyar takan tsaya. Daga nan sai in tambaye ta wa take aika niƙa. Yawanci 'yarta ce.

Ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba, kuma ban taɓa cewa kada a je ba. Amma na ga mata suna tashi daga gabana suna dafe da kai. Na ji labarin wata da ta tashi mijinta daga barcin rana ta sa shi ya ɗaga gira. Kafin kaka ta wuce, turame sun dawo aiki a unguwarmu, da la'asar sai ka ji luguden daka ta ko'ina. Masu hali suka riƙa haɗa buhu suna ba 'yan babur su kai Kurfi. Injin da ke kwana yana ruri ya koma tashi sau ɗaya a yini, wani lokacin ma shiru.

Matar mai injin ta zo kitso ana gobe Sallah. Mace ce mai kirki, ta taɓa kawo wa Yaya kunu a ɓoye. Na yi tunanin ƙyale ta. Amma da ta zauna na ga 'yarta ƙarama tana wasa a gefe da kitso har kafaɗa, sai na kama hannunta ita ma na ɗora mata a kai. Ta yi kuka har muka gama. Aka ce a daren Sallah sun yi faɗa da mijinta, ta hana yaranta kusantar rumfar.

Sai ga mai injin ya kira mai walda ya mayar da murfin, har da fenti. Ya sa aka yi shela. Ba wanda ya koma. A lokacin wani ya riga ya kafa sabon inji a ƙauyen gaba, a rufe ruf.

Rannan da yamma mai tsohon injin ya yi sallama a gidanmu, karo na farko. Ina jin su daga bayan zaure.

"Malam, ka ja wa 'yarka kunne. Ta kashe mani sana'a."

Baba ya kira ni. Na fito na durƙusa.

"Me kike gaya wa mata?"

"Yadda kai yake, Baba. In akwai ƙarya a ciki, ya faɗa."

Mai injin ya ce, "To ai na rufe bel ɗin. Me kuma kike so?"

Na ce, "Ga Yaya can a ɗaki. Ka shiga ka kalle ta."

Ya riƙa murza hula a gwiwa. Baba bai ce masa ya shiga ba, bai kuma ce in tashi ba. Can ya miƙe ya saka takalmi ya tafi.

Yaya ba ta ji daɗin abin da nake yi ba. Ta ce mani ta gaji da zama labari a bakin mata, duk wadda ta shigo sai ta saci kallon kallabinta. Ta ce ita ta yafe. Na ce hakkinta ne, ta yafe. Ni abin da na gani a ƙasan rumfar nan nawa ne. Mun yi kwanaki ba ma doguwar magana. Na rage, amma ban daina ba sai ranar da a-kori-kura ta zo ta ɗauki injin. Na tsaya a bakin hanya da tulu a kai har motar ta ɓace, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu dukanmu muna Dutsin-Ma. Yaya ta auri wani tela mai barkwanci, tana da yara, tana saƙa huluna masu taushi da take sawa a ƙarƙashin ɗankwali. Ni ina da shagon kitso kusa da jami'a. Bara na ga mutumin a kasuwa, ya tsufa, yana tsaron tulin rake na wani. Ya gane ni. Ya zaɓi sanda mai kauri ya miƙo mani, ya ce in kai wa yaran yayata.

Na ce masa suna da rake a gida, na wuce layin masu kifi.